Neman jami'ar Kirista ga ɗalibin da ke jinyar ƙwaƙwalwa

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawa, gidajen Kirista da yawa a Jos da Kafancan da Kaltungo da Numan da Mubi sukan shiga shawarar inda za a kai yaro karatu, kuma iyalin da ke da ɗan hali, ko ke da dangin da za su haɗa hannu, sukan fara duba jami'o'in da ikilisiyoyi suka kafa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, ga tsoron ƙungiyoyin asiri, ga shaye-shaye, ga kuma burin kowane uba na ganin ɗansa ya fito da digiri ba tare da ya yar da tarbiyyarsa a hanya ba. Tun daga 1999, lokacin da aka ba Babcock ta 'yan Adventist lasisi tare da Madonna wadda wani limamin Katolika ya kafa, irin waɗannan makarantu sai ƙaruwa suke yi: Bowen ta 'yan Baptist a Iwo, Covenant a Ota, Bingham ta ECWA a Karu wadda ta samu lasisi a 2005, Veritas ta bishop-bishop na Katolika a Bwari, har zuwa Karl Kumm ta COCIN a Vom da ta samu nata a 2021.

A cikin waɗannan iyalai akwai masu wata damuwa da ba kasafai suke faɗa wa ko da makusanta ba, wato yaron da za a kai yana ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko yana shan magani kullum, ko ya taɓa shiga wani hali da ya tayar wa gidan hankali. Tunaninsu shi ne makarantar ikilisiya za ta fi tausayi, za a sa masa ido, za a yi masa addu'a. Wani lokacin haka abin yake. Sai dai kalmar Kirista da ke jikin allon bakin ƙofa tana gaya wa mutum wanda ya mallaki makarantar ne da irin sujadar da ake yi a ciki, ba ta gaya masa abin da za a yi da ɗansa a daren da ciwon ya tashi. Wannan kuwa ya dogara ne kan abubuwa biyu da ba a rubuta su a takardun talla: me shugabannin makarantar suka ɗauki ciwon ƙwaƙwalwa, kuma ofishin wa ake fara kai ɗalibin da halinsa ya canja, na likita ko na kwamitin ladabtarwa.

Tambayar ta shafi kowa, har da iyayen da 'ya'yansu ke lafiya lau ranar da suka shiga. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ke yawan kafa hujja da shi ya nuna cewa kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa sukan fara ne kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin shekara 25. Ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana farautarsa, da kuma ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki mai tsanani, galibi sukan bayyana ne tsakanin ƙarshen ƙuruciya da farkon shekaru ashirin, daidai lokacin da yaro ya bar gida ya koma ɗakin kwanan ɗalibai. Ɗaliban Arewa kuma suna da ƙarin kaya. Yaron da aka haifa a Filato bayan rikicin Jos na 2001 ya girma ne yana ganin na 2008 da na 2010 da hare-haren ƙauyuka da suka biyo baya. 'Ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) da yawa sun yi gudun hijira lokacin da Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi a watan Oktoba na 2014, kuma a Yuli na 2021 an kwashe ɗalibai sama da 100 daga makarantar Bethel Baptist a Kaduna. Tsararrakin waɗannan yara su ne ke zaune a azuzuwan jami'a a yau, wasu na firgita idan aka buga ƙofa da ƙarfi, wasu ba sa iya barci idan an ɗauke wuta.

Mas'alar farko ta tauhidi ce, kuma ba a Najeriya ta fara ba. A Amurka, inda tsarin kwalejojin Kirista ya fi daɗewa, an shafe fiye da rabin ƙarni ana muhawara a kai. A 1965 makarantar tauhidi ta Fuller da ke Kalifoniya ta buɗe sashen nazarin halayyar ɗan'adam, bisa fahimtar cewa gaskiyar da kimiyya ta gano game da ƙwaƙwalwa ba ta cin karo da bangaskiya, daga baya kuma makarantu irin su Wheaton da Biola suka bi wannan hanya suna yaye ƙwararru masu lasisi. A 1970 wani malamin tauhidi mai suna Jay Adams ya fito da ra'ayin da ya saɓa wa wannan, yana cewa mafi yawan abin da ake kira ciwon ƙwaƙwalwa matsalar zunubi ce da ke bukatar gargaɗi daga Littafi Mai Tsarki, kuma fasto ne ya cancanci wannan aiki. Magadansa da yawa sun sassauta, har suna yarda da magani idan likita ya rubuta, amma ra'ayin bai mutu ba. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi da cibiyar LifeWay ta yi a 2013 ta nuna kusan rabin Kiristocin bishara na Amurka sun yi imanin cewa addu'a da nazarin Littafi kaɗai za su iya kawar da ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani. A shekarar ne ɗan fitaccen faston nan Rick Warren ya kashe kansa bayan doguwar jinya, abin da ya sa ikilisiyarsu ta kira babban taro kan lafiyar ƙwaƙwalwa a 2014, ya kuma tilasta wa mutane da yawa sake tunani.

A wurinmu muhawarar ta ɗauki wata kama daban, domin ban da zancen zunubi akwai zancen aljanu da sammu da la'anar gado. Idan yarinya ta daina cin abinci, ta daina wanka, tana kwana tana kuka, za a samu mai cewa bangaskiyarta ce ta yi sanyi, ya karanta mata Filibiyawa 4:6 cewa kada ta damu da kome. Idan saurayi ya fara surutai yana cewa an aiko shi ya ceci duniya, za a samu mai cewa baƙin ruhu ne, a kira masu addu'ar kuɓutarwa. Jami'a guda tana iya ƙunsar duka ra'ayoyin a lokaci ɗaya: farfesan likitanci a tsangayarsa yana koyar da yadda magani ke aiki a ƙwaƙwalwa, faston makaranta a kan bagadi yana wa'azin cewa ɗan Allah ba ya shiga ciwon damuwa, mai kula da ɗakin kwana kuma tana da nata fahimtar da ta taso da ita daga gida. Da ƙarfe biyu na dare mai kula da ɗakin kwanan ce ke kusa, don haka fahimtarta ce za ta yi aiki, sai fa idan makarantar ta rubuta ƙa'ida ta kuma horar da ita a kai.

Kada a ɗauka ana raina addu'a ne. Ga mai bi, addu'a da zumunci da jin cewa yana cikin jama'ar da ta damu da shi suna cikin abubuwan da ke riƙe shi, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar nan sun daɗe da sanin haka. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zama da danginsu a cikin gari, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna cewa idan ma'aikatan lafiya suka haɗa hannu da masu warkarwa na addini da na gargajiya, masu ciwon taɓin hankali sun fi samun sauƙi fiye da idan an bar masu warkarwar su kaɗai. Amma ɗaya ɓangaren ma yana nan a rubuce: rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na Nuwamba 2019 ya nuna yadda ake ɗaure majinyata da mari a wurare da dama a Najeriya, ciki har da gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi da ma wasu cibiyoyin gwamnati. Abin da iyaye ke nema, ashe, shi ne makarantar da faston da ke cikinta ya san iyakar aikinsa, yana yi wa ɗalibi addu'a sannan ya tambaye shi ko ya sha maganinsa na yau. Ɗalibin da aka sa ya zubar da ƙwayoyinsa a gaban jama'a don nuna bangaskiya, a ganina an cuce shi, ko da kyakkyawar niyya aka yi.

Ana gane inda makaranta ta tsaya ne daga irin tambayar da aka yi mata. Mu ƙaddara uwa ta je ofishin kula da harkokin ɗalibai ta ce, "Ranka ya daɗe, kuna kula da lafiyar yara kuwa?" Amsar a shirye take: "Mama, kwantar da hankalinki, muna da asibiti, muna da fastoci, 'ya'yanki 'ya'yanmu ne." Ba ƙarya ya yi ba, amma ba ta ƙaru da kome ba. Da a ce ta ce, "Ranka ya daɗe, idan yarinya ta gaya wa abokiyar ɗakinta da tsakar dare cewa ta gaji da rayuwa, wa za a kira, da wace mota za a kai ta, wane asibiti, kuma yaushe za a sanar da ni?" to a nan ne za ta ga ko akwai tsari. Jami'in da makarantarsa ta shirya zai ambaci ofis da lambar waya da sunan asibitin da suke tura majinyata, wataƙila ma ya ciro takarda daga aljihun tebur. Wanda zai ce, "Allah ya kiyaye, Mama, irin wannan ba ya faruwa a nan," ya riga ya ba ta amsa, domin babu makarantar da ke da dubban matasa da irin wannan bai taɓa faruwa ba. Haka nan idan ta zauna da faston makarantar ta ce, "Baba Rabaran, me kake gaya wa ɗalibin da likita ya ɗora a kan magani?", daga jimlarsa ta farko za ta fahimci ɓangaren da yake.

Inda lamarin ya fi sarƙaƙiya shi ne dokokin makaranta, saboda tsananin da iyaye ke biyan kuɗi dominsa yana iya zama taimako, yana kuma iya zama matsala, gwargwadon irin ciwon. Tsayayyen lokacin barci da na tashi, abinci a kan kari, hana giya da ƙwaya, da kirga ɗalibai kowane dare, duk abubuwa ne da likita zai yi murna da su. Ɗalibin da ya kulle kansa a ɗaki kwana uku a babbar jami'ar gwamnati yana iya ɓacewa ba wanda ya lura, alhali a ƙaramar makarantar da ake kiran suna a sujada za a gane tun rana ta farko. Wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce, musamman a ƙasar da binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da su.

Amma a dubi ɗalibin da ke shan olanzapine, wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa, da dare. Maganin yana sa barci mai nauyi, musamman a makonnin farko, ta yadda ko an buga ƙararrawar addu'ar asuba a kansa da ƙyar zai motsa. Mai kiran suna ya rubuta bai zo ba, gobe ma haka, jibi ma haka, kafin wata ya ƙare sunansa ya shiga jerin masu taurin kai. Yaron yana da zaɓi biyu, ko ya tona asirinsa ga wanda bai yarda da shi ba, ko ya daina shan maganin don ya riƙa tashi da wuri, kuma matasa da yawa na biyun za su zaɓa. Ko a dubi mai shan litiyam, maganin da ake ba masu ciwon hawa da saukar yanayi: idan ruwan jiki ya yi ƙasa, yawan maganin a cikin jini yakan hau har ya zama guba, don haka azumin da ba a shan ko ruwa haɗari ne gare shi, ga shi kuma yana bukatar gwajin jini a kai a kai. Rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan ciwo, saboda haka kwanan addu'a har wayewar gari, wanda ga sauran ɗalibai albarka ne, ga shi yana iya zama mafarin kwanciya asibiti. Abin takaici kuma, alamun farko na tashin ciwon, wato yawan magana da rashin gajiya da jin cewa Allah na yi masa magana kai tsaye, sukan yi kama da farkawa ta ruhaniya, har a riƙa yaba masa kafin a gane abin da ke faruwa.

Akwai kuma takardar izinin fita. A yawancin jami'o'in ikilisiya ɗalibi ba ya barin harabar makaranta sai da izini, wasu kuma sun taƙaita ko sun hana riƙe wayar hannu. Wanda ke da ranar ganin likita duk wata yana bukatar sanin ko za a ba shi izini na dindindin, ko kuwa duk lokacin sai ya tsaya gaban ma'aikaci ya bayyana dalili a gaban layin 'yan'uwansa ɗalibai. Wanda ke magana da mai ba shi shawara ta waya, ko wanda muryar mahaifiyarsa ce ke kwantar masa da hankali idan fargaba ta taso, yana bukatar sanin ko akwai sassauci. Makarantar kirki ba sai ta soke dokokinta ba. Abin da ake bukata shi ne hanya a rubuce wadda takardar likita za ta ɗage wa ɗalibi wani wajibi ba tare da an mayar da shi abin nuni ba.

Mafi nauyi a cikin duka shi ne yadda ake ɗaukar yunƙurin kashe kai. Sashe na 231 na kundin Penal Code da ake amfani da shi a Arewa, da sashe na 327 na Criminal Code a Kudu, sun ɗauki yunƙurin a matsayin laifi mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara guda, gadon dokokin Turawan mulkin mallaka da likitoci suka daɗe suna neman a soke. Idan aka haɗa wannan da koyarwar da ke ganin abin zunubi ne kawai, da kuma tsoron makaranta mai zaman kanta na kada sunanta ya ɓaci, sai a ga dalilin da ya sa hanya mafi sauƙi ga hukuma ita ce a kira iyaye su zo su ɗauki ɗansu a rufe zancen. Sauran ɗalibai kuwa suna kallo, kuma darasin da za su ɗauka shi ne duk wanda ya faɗi abin da ke ransa zai rasa gurbinsa. Ya kamata iyaye su karanta littafin dokokin ɗalibai da idon basira, su ga ko cutar da kai na cikin jerin laifuffuka ne ko cikin babin lafiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba majinyaci 'yancin kariya daga wariya da wulaƙanci, haka ma dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019. Samuwar doka daban, aiki da ita daban, amma uban da ya san da su yana magana ne da ƙarfin gwiwa.

Sirri ma abin dubawa ne, domin jami'ar ikilisiya ƙaramar duniya ce. Mai ba da shawara na iya kasancewa matar wani dattijon ikilisiya, nas ɗin asibitin makaranta na iya kasancewa 'yar zumuntar mata ɗaya da gwaggon ɗalibar, kuma abin da aka faɗa a ofis yana iya fitowa washegari a matsayin roƙon addu'a, da sunan ƙauna. A al'ummar da har yanzu ake binciken ko akwai taɓin hankali a dangi kafin a ba da aure, irin wannan fallasa tana iya bin yarinya har ƙarshen rayuwarta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman, don haka ba rashin kunya ba ne a tambayi wa ke da ikon buɗe fayil ɗin ɗalibi, ko ofishin ba da shawara yana kai rahoto ga kwamitin ladabtarwa, da kuma a wane hali ne za a karya sirri. Amsar da ta dace ita ce idan rai na cikin haɗari. Su ma iyaye sai sun haƙura da wani abu a nan, domin ɗan da ya kai shekara 18 yana da haƙƙin kada a kwashe duk abin da ya faɗa a kai musu, kuma idan ya san za a kai, ba zai faɗa ba.

Sai batun ƙwararru da nisa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, saboda haka ba a sa ran kowace jami'a ta ajiye nata. Abin tambaya shi ne ina mafi kusa yake. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, ga sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Jin cewa jami'a tana da asibitin koyarwa bai wadatar ba, sai an duba taswira. Asibitin koyarwa na Bingham, wato tsohon asibitin Evangel da mutanen Jos ke kira Jankwano, yana Jos ne, alhali babbar harabar jami'ar tana Karu, inda asibitocin Abuja suka fi kusa. Na Bowen yana Ogbomosho, jami'ar kuma tana Iwo. Na Babcock kuwa yana Ilishan tare da makarantar. Haka kuma kalmar mai ba da shawara tana ɗaukar mutane iri-iri: akwai wanda ya karanta jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi, wanda ƙwarewarsa ta fi ƙarfi a zaɓen darussa da sana'a, akwai fasto da ya yi kwas na kula da masu bi, akwai kuma masanin halayyar ɗan'adam na asibiti da aka horar don jinya. Kowannensu na da amfani, amma ba sa maye gurbin juna. Ƙa'idar da ake son cibiyoyin ba da shawara na jami'o'in Amurka su bi ita ce ƙwararre ɗaya ga ɗalibai 1,000 zuwa 1,500, ma'aunin da zai taimaka wa uba ya fahimci abin da ake nufi idan aka ce masa mutum ɗaya ne ke kula da makaranta gaba ɗaya.

Ba a sanin ingancin jinka sai damina ta sauka, kuma daminar wannan lamari ita ce ranar da ɗalibi ya kasa ci gaba da zangon karatu. Ciwon ƙwaƙwalwa yakan tafi ya dawo, maganin ciwon damuwa kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, don haka dole a yi lissafin yiwuwar jingine karatu tun kafin a biya kuɗin farko. Shin makarantar na yarda a jingine zango saboda lafiya ba tare da an rubuta wa ɗalibi faɗuwa a duk darussa ba? Me zai faru da kuɗin da aka riga aka biya, waɗanda a wasu kwasa-kwasan suka kai miliyoyin naira a shekara? Wa ke yanke hukuncin dawowa, likita ko wani kwamiti? Iyalin da suka sayar da gona ko suka ci bashi sukan matsa wa yaro ya daure ya ƙarasa saboda kada kuɗi su tafi a banza, kuma wannan matsin kansa yakan ƙara dagula ciwon.

Ga 'yan ƙalilan da ke duban kwalejojin Kirista na Amurka, tambayoyin ba su canja ba, doka ce ta bambanta. Sashe na 504 na dokar Amurka ta 1973 kan masu bukata ta musamman ya wajabta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta yi wa ɗalibi mai lalura sassaucin da ya dace, amma akwai 'yan kwalejojin da suka ƙi karɓar kuɗin gwamnati, waɗanda wannan wajibi bai hau kansu ba. Ɗalibin ƙasar waje mai bizar karatu yana iya rage darussa saboda rashin lafiya na tsawon da bai wuce wata 12 ba, da takardar likita da amincewar jami'in makaranta tun kafin ya rage. Yawancin cibiyoyin ba da shawara na can jinyar gajeren lokaci suke yi, sannan su tura mutum waje, inda inshora ce ke magana. Ga sanyi da kaɗaici da nisan gida, waɗanda ba ƙananan abubuwa ba ne ga mai ciwon damuwa.

Bayan duk wannan bincike, wasu iyalai za su tarar cewa makarantar da ta fi dacewa da ɗansu ba ta ikilisiya ba ce. Yaron da ya saba da likitansa a Jos ko Kaduna, wanda ke samun sauƙi a hannunsa, wataƙila ya fi masa alheri ya yi karatu a jami'ar gwamnati da ke garin, yana kwana a gida ko kusa da gida, yana zuwa majami'ar da ta san shi tun yana ƙarami. Rayuwar bangaskiya ba ta taƙaita ga jami'o'i masu zaman kansu ba. Ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS da ta samo asali a Gindiri a 1957, da NIFES ta ɗalibai masu bishara, da ƙungiyoyin ɗaliban Katolika, sun raini tsararraki na masu bi a makarantun gwamnati. A wani gidan kuma akasin haka ne, domin gidan kansa ne tushen damuwar, kuma ɗan nisa cikin makaranta mai tsari shi ne sauƙin yaron. Shi ya sa bai kamata a yanke shawarar a bayan idon mai ciwon ba, shi ne ya san ko yawan sa ido yana kwantar masa da hankali ko yana shaƙe shi, kuma likitan da ke duba shi ya kamata a ji ta bakinsa kafin a cike fom.

Saura tambayar da ta fi damun iyaye: a faɗa wa makarantar ko a ɓoye? Tsoron kada a hana yaro gurbi tsoro ne mai tushe, kuma ana iya yin duk tambayoyin da aka ambata ba tare da an ce ga wanda ake nufi ba. Amma bayan an samu gurbi an kuma gamsu da tsarin, ɓoyewa gaba ɗaya na nufin ranar da ciwon ya tashi babu wanda zai san sunan maganin da yake sha, kuma a makarantun da ke gwajin ƙwaya ko binciken akwatuna, ƙwayoyin da ba a san da zamansu ba suna iya jawo masa tuhumar da bai ji ba bai gani ba. Hanyar da ta fi tsaro ita ce a karɓo wasiƙa daga likitansa mai ɗauke da sunan ciwon da magunguna da adadinsu da abubuwan da ya kamata a ɗage masa, a miƙa ta hannu da hannu ga babban likitan asibitin makarantar, ba ga ofishin ɗaukar ɗalibai ko mai kula da ɗakin kwana ba, a kuma nemi ya rubuta wa sauran ofisoshi sassaucin da ake bukata kawai ba tare da ambaton ciwon ba. A tafi da maganin da zai kai ƙarshen zango, a tsayar da ranar ganin likita ta gaba tun kafin a bar gida, sannan ɗalibin ya zaɓi mutum ɗaya a cikin makarantar, malami ko fasto ko aboki, wanda zai riƙe lambar wayar iyayensa da ta likitan.